Safar Hannu Biyu

Da farko ban ji zafi ba. Ɗan tsam kawai na ji a babban yatsana na hagu, irin wanda ƙarangiya kan yi wa mutum idan ta maƙale a bakin zane. Na duba ƙasa, sai ga marfin allurar yana gangarawa ƙarƙashin gado, ita kuwa allurar tana hannuna na dama, tsininta a buɗe. Na matse yatsan. Can ƙarƙashin farar robar safar hannu wani ɗigon ja ya ɓullo, ya fara bazuwa a hankali.

Allurar da aka zare daga hannun Gwaggo ce, ko minti ɗaya ba a yi ba. Na kuma san abin da ke cikin jinin Gwaggo.

Tsakiyar damina ce, lokacin da masassara ke kwantar da mutane gida-gida. Asibitin ƙauyenmu, can gefen Kore Mairuwa, ɗaki uku ne da rumfa, kuma ranar har gindin bishiyar bedi an shimfiɗa wa marasa lafiya tabarmi. Majo, shugaban asibitin, shi ya yi wa Gwaggo allurar. Yana ajiye sirinjin a faranti aka ƙwala masa kira daga waje wai wani jariri ya shiɗe, ya fita da gudu yana cewa in kwashe kayan. Aikina ke nan. Na gama kolej ban samu wucewa lise, makarantar gaba, ba, majo ya ga rubutuna yana da kyau, ina kuma jin faransanci, sai ya ɗauke ni ina rubuta sunaye a rajista ina kwashe faranti. Ya ba ni farar riga. Tsofaffi suna ce mini lokotoro, wato likita, ban taɓa gyara musu ba.

Tun ranar da na fara aiki majo ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: allurar da aka yi aiki da ita ba a mayar mata da marfi, yadda take ake ɗaukarta a jefa cikin kwalin da aka tanada. Na kiyaye wannan a kan kowa. Amma kwalin yana bayan ƙofa, taku biyar, ni kuma ban so in yi taku biyar da allurar wannan matar a buɗe ba. Ga shi safar hannu biyu na sa, ɗaya kan ɗaya. Ga sauran mutane ɗaya nake sawa, wata rana ma in manta. Ta saman ta yi mini yawa, kan yatsun ya lanƙwashe, ban ji inda bakin marfin yake ba. Na tura, tsinin ya goce.

Na zaga baya wajen randa, na tuɓe safar, na wanke yatsan da sabulu har sau nawa ban sani ba, na tsoma shi a jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Da na dawo ɗakin, Gwaggo tana kwance yadda na bar ta, zufa ta jiƙa mata kallabi, amma idonta a buɗe, a kan hannuna.

Ta ce, "Ɗiyata, ta same ki?"

Na ce, "A'a, Gwaggo, ba komi. Marfin ne ya faɗi."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta juya fuska wajen bango.

Gwaggo ba 'yar'uwar babana ba ce, haka dai duk yaran majami'armu muka tashi muna kiranta. Mu Kirista a garin ba mu da yawa, gidajenmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Mijinta ɗan ci-rani ne, duk rani yana bakin teku. Wata shekara ya dawo a rame, ya yi jinya, ya rasu, aka ce ciwon ciki. Ita ta ci gaba da suyar ƙosai a ƙofar makaranta, tana riƙe da 'ya'yanta biyu. Duk wata takan tafi Dogon Dutsi, wai wajen ƙanwarta.

Abin da ke kai ta Dutsi ni na gano shi, wata goma kafin ranar allurar. Ta zo asibiti da tari, ta miƙa wa majo wani kati daga bakin zanenta, shi kuma ya ajiye a kan tebur ya juya yana neman abin awo. Ina zaune da rajista. Idona ya sauka a kan haruffa uku da aka koya mana a kolej. Maganin masu sida, wato ƙanjamau, take karɓa. Majo ya juyo ya kife katin da sauri, bai san na riga na karanta ba.

Kwana huɗu maganar tana cina. Ran Alhamis da la'asar muka taru zumuntar mata a inuwar majami'a kamar kullum, matar fasto ta tambaya ko akwai mai roƙon addu'a. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mace ta faɗi damuwarta ko ta wani, kowa ya sunkuyar da kai, a kai gaban Allah. Na miƙe, ni da ban taɓa magana a taron ba, na ce, "Mu sa wata 'yar'uwarmu cikin addu'a. Ba zan faɗi suna ba. Mijinta ya dawo daga ci-rani da ciwon nan da ba ya warkewa, ya tafi ya bar mata shi."

Mace ɗaya ce tak a cikinmu da mijinta ya dawo daga ci-rani ya mutu, kuma ranar ba ta nan, ta tafi Dutsi. Na ga yadda suka kalli juna ta gefen ido kafin su rufe idon. Muryata ta fi ta kowa tashi a addu'ar. Ko a lokacin na san ba tausayi ne ya tashe ni tsaye ba. So nake su san farar rigata ba ta banza ba ce, ina ganin abin da su ba sa gani.

Lahadin farko na kowane wata muna cin Jibin Ubangiji, gutsuren burodi da kurɓin abin sha don tunawa da mutuwar Yesu. Ruwan inabi ba ya zuwa ƙauyenmu, zoɓo muke sha, kuma tun ina ƙarama Gwaggo ke haɗa shi. Ran Asabar take jiƙa shi, ta tace da farin ƙyalle wanda ba ta taɓa komi da shi sai wannan. Ƙoƙo ɗaya na maza, ɗaya na mata, yana bin benci daga hannu zuwa hannu. Watan da ya biyo bayan addu'ata matar fasto ta ce Gwaggo ta huta haka nan, ta yi wahala shekara da shekaru, yara su karɓa. Wata na gaba aka sayo ƙananan kofunan roba daga kasuwar Kore Mairuwa, wai don tsabta. Duk shuɗaye ne, ban da ɗaya kore, kuma ko ta ina tiren ya fara zagaye, koren a gaban Gwaggo yake tsayawa. Babu wanda ya taɓa faɗin komi da baki.

Ran Kirsimeti kowane gida ya kawo abinci harabar majami'a. Ta kawo dambu da kopto, kwano babba, zogalen ya sha ƙuli da mai, irin wanda a da ake rububinsa. Har aka watse ba wanda ya sa hannu. Na ga wata uwa ta fizge ɗanta daga gaban kwanon. Gwaggo ta rufe abinta, ta ɗora a ka, ta yi mana sai da safe ɗaya bayan ɗaya. Kafin sanyi ya wuce maganar ta fita daga majami'a ta shiga gari, ta daina suyar ƙosai, don sai ta soya ta zauna tana korar ƙudaje.

Ni kuma na sani sarai cutar ba ta bin ƙoƙo, ba ta bin kwano. An koya mana, na rubuta a jarrabawa, majo ma yana faɗa wa mutane a gabana. Kalma ɗaya daga bakin lokotoro da ta isa. Na yi shiru, na sha zoɓona a shuɗin kofi. Ita kuwa ba ta fasa sujada ko sau ɗaya ba. Tana ƙarshen benci da korenta, tana waƙa.

Ranar allurar na koma gida ban ci tuwo ba. Inna ta taɓa goshina ta ce ko masassarar ce ta biyo ni daga wajen aiki, na ce gajiya ce. Kafin rana ta faɗi na shiga gonar bayan gida, gero ya fi ni tsawo, na durƙusa zan yi addu'a. Bakina ya ƙi buɗewa. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne, an kama ni. Da jinin da na tona aka kama ni, ba da na wani ba.

Kakata ta wajen uba 'yar bori ce har ta mutu, babana ne ya bi Almasihu yana saurayi. A ɗakinta na yi wayo, ina jin yadda doguwa take: in ka taka mata wuri ba ta mantawa, ko bayan shekara za ta nemo ka, sai an yanka mata akuya kalar da take so kafin ta sake ka. An yi mini baftisma, ina cikin 'yan waƙa, amma a gonar nan da doguwa nake magana, na dai sa mata sunan Allah. Na shiga yi masa alkawura. Zan yi azumi. Zan share majami'a shekara guda ni kaɗai. Ko ɗaya ban ji ya wuce kan gero ba. A raina na gama yarda cewa ya juya mini baya, kuma da gaskiyarsa.

Washegari da hantsi, ina ɗaki na ce ba zan je aiki ba, na ji sallama. Muryar Gwaggo. Na leƙa ta labule, tana tsaye ta dafa bango, filasta na manne a bayan hannunta, leɓɓanta sun bushe. Inna ta shimfiɗa mata tsohuwar tabarma, wadda na san za ta wanke da ta tafi.

Gwaggo ta ce, "Ba zama na zo ba. Aron ɗiyarki nika so, ta raka ni Dutsi. Jiri nika ji, ba ni iya tahiya ni kaɗai."

Inna ta ce, "Da wannan jikin? Ki bari ki ji sauƙi mana. Ita ma ba ta jin daɗi."

"Awo, na sani. Iskar hanya za ta yi mata magani. Ke lokotoro, fito, rana na yi."

Muna fita daga gari ta tsaya ta ce in nuna mata yatsan. Ban ƙara yin ƙarya ba, na miƙa. Ɗan baƙin ɗigo ne kamar kan ƙuma. Ta ce a wajen karɓar magani an sha gaya musu, in allurarsu ta soki mai jinya akwai ƙwayoyin da ke tare cutar, amma kada a wuce kwana uku. "Jiya ɗaya ya tahi. Wawiya, da kin yi shiru har yaushe?" Ta tasa ni gaba sai asibiti, ta ce da bakina zan faɗa wa majo. Na zaci zai yi faɗa. Ya cire tabarau ya murza idonsa, ya ce, "Subhanallahi. Tun jiya? Me ya hana ki faɗa mini?" Ya rubuta takarda ya buga hatimi, ya ce wa Gwaggo ita ma bai sallame ta ba, akwai sauran allura. Ta ce za ta dawo da marece a yi mata.

Amalanke ya kai mu bakin kwalta, muka samu motar kasuwa, mu huɗu a kujerar mutum uku. Ba mu yi nisa ba barci ya ɗauke ta, kanta ya faɗo a kafaɗata, zafin jikinta yana ratsa mayafina. Sai na ji kafaɗar tawa ta sandare, tana neman zamewa. Matar da ta taso daga gadon jinya domina, ga jikina har yanzu yana ƙyamarta. Na danne kafaɗar da ƙarfi na hana ta motsi har duwatsun Dutsi suka bayyana.

A babban asibiti ba ta tambayi kowa hanya ba. Muka zaga har can baya, wani ɗaki da ƙofarsa ke kallon katanga, da dogon benci a gabansa. Mutum bakwai ko takwas suna zaune. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, ina tsoron kada wani ɗan ajinmu ya wuce. Wata mata mai ƙiba, 'yar kasuwa da gani, zobba a yatsu, ta matsa mana wuri.

"Mai ƙosai, yau ba ranarki ba ce. Sabuwa kika kawo mana?" Ta leƙo fuskata. "Ke 'yan mata, saki ranki, nan ba maƙabarta ba ce. Dube ni, shekara tara ina shan maganin, kishiyar buhu."

Benci ya ɗauki dariya. Gwaggo ta ce, "Ki kiyaye ta, lokotoro ce. Allurata ta soke ta wajen aiki."

"Ayya! To ai mai ƙosai, jininki ya fi nawa tsabta, ke da ba ki fashin magani." Ta ɓare goro ta miƙo mini rabi, na karɓa don ban san yadda zan ƙi ba.

Malamar jinyar da ke kula da ɗakin, madam suke ce mata, ta karanta takardar majo ta ɗebi jinina. Awon farko ya fito babu komi, amma ta ce wannan labarin baya ne, bai san abin da ya faru jiya ba. Zan sha ƙwaya kullum har kwana ashirin da takwas, sannan in dawo bayan wata uku, a nan za a san tabbas. Sai ta jawo wani fayil mai kauri, na Gwaggo, ta buɗe ta juyo mini shi. Shekara shida, ko wata ɗaya ba ta tsallake ba, har watannin da ruwa ke yanke hanyar ƙauyenmu. Ta ce maganin ya kwantar da cutar a jikinta har awo ba ya ganinta, kuma wannan ne babban abin da ke gefena.

"Ba zan yi miki alkawari ba. Amma in kin tsira, bayan Allah, wannan baiwar Allah za ki gode wa."

Na kasa ɗaga kai. Duk watan nan da muke ba ta koren kofi, tana hawa amalanke tana zuwa nan.

Ƙwayoyin a ɗakin Gwaggo na ajiye su, don Inna ba ta barin jaka ba ta bincika ba. Kullum da marece sai in ce zan je duba jikinta. Ba ta da agogo, kiran sallar magariba daga masallacin bayan gidanta shi ne lokacinta, shekara shida ladanin bai san yana yi mata aiki ba. Yana ɗaga murya za ta zaro kwalbarta daga cikin tukunyar da ke ƙarƙashin gado, ta miƙo mini tawa. Ranar farko ta haɗiye tata, ta kurɓi ruwa a ƙoƙo, ta miƙo mini sauran. Hannuna ya tsaya a hanya. Ɗan tsayawa kaɗan, amma ta gani.

Ta ce, "Sha. Ko in aika majami'a a ɗauko miki shuɗi?"

Na sha, ruwan na haɗuwa da hawaye.

Maganin ya wahalar da ni. Tashin zuciya, kai na juyawa, abinci ba ɗanɗano. Ita ta koya mini in fara shan kunu mai kauri tukuna, in tsotsi tsamiya in zuciya ta taso. Tana yi tana tsokanata, wai lokotoron da ba ta iya haɗiyar ƙwaya sai an lallashe ta kamar ɗan yaye.

A rana ta tara na faɗa mata. Tana tankaɗe gari, ina zaune a kan turmi. Na ce, "Gwaggo, ni ce na faɗa a zumunta."

Ba ta daina tankaɗen ba. "Na sani tun ran da anka ce in huta da zoɓo. Wa ke karatun faransanci a asibiti in ba ke da majo ba? Majo kuwa ba shi zuwa zumuntar mata." Ta buga rariyar a tafin hannu. "Ran allurar nan ma na ga safarki. Biyu kinka sa mini."

Na ce ta yafe mini. Na ce abin da ya same ni hukunci ne, na san Allah ne ya rama mata, kuma ko na kamu ban da bakin magana.

A nan ta ajiye rariyar. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Hukunci? To in naki hukunci ne, nawa hwa? Mi na yi? Gaya mini, tun da ke ce mai karatu. Na zauna ɗakin mijina, na yi jinyarshi har ya cika." Ta goge hannu a zane. "Ke, Allah ba doguwar kakarki ba ne."

Ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce kada in ɗauke ta waliyyiya. Ran Kirsimeti kaji ta zuba wa dambun nan, ta zauna tana kallonsu tana kuka. Wata biyu ba ta iya kawo sunana cikin addu'a ba, in ta zo kansa sai ta tsallake. "Kuma da allurar ta soke ki, na gani da idona. Wani abu a cikina ya ce, madalla, ta ɗanɗana. Shi ya sa na juya wajen bango, kunyar kaina ta kama ni. To ga ni, mai irin wagga zuciya, ya yar da ni? Ran da anka gaya mini ciwon nan na ce shi ke nan, ya gama da ni. Shekara guda ina zuwa sujada da ƙafa kawai. Amma duk safiya in na buɗe ido sai in tarar yana nan, bai gusa ba. Yesu bai aiko a auna jinina ba kafin ya mutu domina. Naki ma bai aiko ba."

Ladan ya kira salla. Ta miƙo mini ƙwayata.

Ina so in rubuta cewa washegari na gyara abin da na ɓata, amma ba haka aka yi ba. Alhamis uku ina zuwa zumunta da maganar a bakina, ina komawa gida da ita. A ta huɗu na miƙe. Na ce cutar nan ba ta bin kofi ko kwano, majo zai iya shaida. Na ce roƙon addu'ar da na kawo kwanakin baya ba addu'a ba ce, tsegumi ne, kuma sirrin asibiti ne na sata. Zancen allurar ban faɗa ba, tsoro ya hana ni, don na ga abin da ake yi wa mai koren kofi. Inna tana ta jan bakin zanena in zauna. Matar fasto ta ce, "To, mun ji, Allah ya gafarta mana duka," aka shiga waƙa. Lahadin farko na watan da ya biyo na koma ƙarshen benci kusa da Gwaggo. Tiren ya zo, koren yana nan.

Wata ukun nan ban san yadda suka wuce ba. Kowane ƙurji, kowane ciwon maƙogwaro, sai in ce ga ta nan. Ina aiki, in na ga allura a faranti sai in ja da baya, har yau ban daina gaba ɗaya ba. Addu'a ta dawo mini kaɗan-kaɗan, ba irin mai tsawo ta gaban mutane ba. Wata rana abin da nake iya cewa kawai shi ne, kana nan? Sai in tashi in ɗora tukunya.

Aka yanke gero, dammuna suka cika rumbuna, ranar ta zo daidai da ranar karɓar maganin Gwaggo. Muka koma bencin nan. Madam ta ɗebi jinin ta shiga ciki, ta ce minti ashirin. Gwaggo ta karɓo kwalbarta ta wata ta dawo ta zauna, tana juya ta a hannu.

Ta ce, "In takarda ta ce i, ran Lahadi za ki zo sujada?"

Na ce ban sani ba.

"To ni zan biyo miki, ko i ko a'a. Ki shirya da wuri, ba ni son jira."

Wajen ƙarfe sha ɗaya madam ta leƙo ta kira ni, ta ce Gwaggo ma ta shigo. Ɗan abin awon yana kan tebur, siriri, layi ɗaya ja a jikinsa. Na san ma'anarsa, na sha rubuta irinsa a rajista, amma idona ya ƙi yarda sai da ta faɗa.

"Negatif. Ba ki da komi, 'yata. Kin tsira."

Na durƙusa a ƙasa. Na ji bakina yana cewa, "Allah yana ƙaunata! Ashe yana ƙaunata!" Sau biyu na faɗa, da ƙarfi, kafin idona ya sauka a kan hannun Gwaggo da kwalbar da ke cikinsa. Na so ƙasa ta buɗe.

Ita kuwa ta cusa kwalbar a bakin zane, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a cikin ɗakin, har madam ta toshe kunne tana dariya, mutanen benci suka leƙo ta ƙofa. Sannan ta sunkuyo ta kama ni ta hammata ta ɗaga.

"Jiya ma yana ƙaunarki, shashasha. Tashi mu tahi, kada mota ta bar mu."